Tambayoyin Masu Karatu: Tsohon Zauren Katako na Bakin Teku

Wasiƙar farko da ke ƙasa ta iso mana tun watan jiya, muka buga ta ba tare da amsa ba saboda ƙarancin fili, sai ga wasu masu karatu uku sun ɗora nasu tambayoyin a kanta. Don haka muka haɗa su wuri guda a wannan fitowar.

Tambaya daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, unguwar Rafindaɗi, Katsina: Jikata da ke karatu a jihar New Jersey ta Amurka ta aiko mini da bidiyon wani makeken ɗaki na katako a wani gari na bakin teku da ta ce sunansa Ocean Grove. Na ga dubban mutane zaune shiru kamar ana zaman makoki, mutum guda yana ta danne-danne da hannu da ƙafa, wata ƙara tana tashi kamar tsawa. Shin coci ne ko gidan wasa, kuma me ya kai irin wannan gini bakin ruwa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, ya kuma raya jika. Ginin da ta nuna maka duka biyun ne, wurin ibada ne na Kirista kuma zauren taron gari ne. Wasu malaman coci 'yan ɗariƙar Metodis ne suka kafa garin Ocean Grove a shekarar 1869, domin mabiyansu su riƙa zuwa lokacin zafi su kafa tantuna a bakin Tekun Atlantika, su yi makonni suna sauraren wa'azi. Da jama'a ta yi yawa rumfunan farko suka kasa ɗauka, sai aka gina wannan zaure a 1894, aka kammala shi cikin kwana 92. Suna kiransa Great Auditorium, wato Babban Zauren Taro. A farkonsa yana ɗaukar kusan mutum 10,000, amma bayan an sauya kujeru da masu faɗi ya koma ɗaukar mutum dubu shida da 'yan ɗari. Har yau ƙungiyar da ta kafa garin ce ke riƙe da shi, kuma har yau akwai tantuna 114 kewaye da shi, waɗanda iyalai ke haya daga watan Mayu zuwa Satumba. Gaban kowanne zane ne mai kauri, bayansa kuma ɗan ɗakin katako ne mai madafa da makewayi, kuma mai son ya samu guda sai ya yi shekaru a layi.

Abin da ka ga mutumin nan yana dannawa shi ake kira ogan. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka ƙaddara an tara sarewa dubu goma, kowace da muryarta guda tak, wata siririya kamar fensir, wata kuma doguwa ta fi tsayin bene, sannan aka haɗa su duka da zugazugi irin na maƙera mai hura musu iska. A zamanin da ƙarti ne ke zuga iskar, yanzu kuwa injin lantarki ne. Makaɗin yana zaune gaban jerin madannai da aka ɗora wani bisa wani, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani jerin na katako da yake takawa da ƙafa, kuma waɗannan na ƙafa su ne ke buɗe manyan bututun da ka ji suna ruri kamar tsawa. Wani Baturen Ingila mai suna Robert Hope-Jones, wanda asalin sana'arsa injiniyan tarho ne, shi ya ƙera na Ocean Grove a 1908, aka yi ta ƙara masa bututu a shekarun baya har suka haura 10,000, ya shiga sahun manyan irinsa a duniya.

Batun abin da ya kai shi bakin ruwa kuwa, jirgin ƙasa ne musabbabi. A ƙarni na 19, da layin dogo ya isa garuruwan gaɓar teku a Ingila da Amurka, ma'aikatan birane suka samu hanyar tserewa daga hayaƙi da cunkoso na 'yan kwanaki. Baƙon da ya wuni a bakin ruwa yana buƙatar inda zai je da dare, garin da ya fi tanadar masa abin saurare kuma shi zai fi samun baƙi baɗi. Shi ya sa garuruwan suka shiga gasar gina zaure da ɗaukar makaɗa aiki. Garin Bournemouth na kudancin Ingila ya kafa ƙungiyar makaɗansa a 1893, kuma ita ce ta girma ta zama ɗaya daga manyan ƙungiyoyin ƙasar a yau. A Ocean Grove ma manyan mutane sun taka dandamalin, irin su mawaƙin Italiya Enrico Caruso da shugaban Amurka Theodore Roosevelt.

Sai dai ni abin da ya fi jan hankalina a zauren ba manyan baƙin ba ne. A cikin mako guda na lokacin zafinsu, wanda ya zo daidai da daminarmu, za a yi ibada ranar Lahadi, a yi kiɗan ogan kyauta ga duk wanda ya shigo, a yi daren makaɗan da aka gayyato wanda ake sayen tikiti, kuma sau ɗaya a shekara ɗaruruwan mawaƙan coci-coci su taru su rera tare. Makarantar sakandaren yankin ta shafe shekaru da dama tana yaye ɗalibanta a ciki. Ke nan tsohon da ke zaune a kujerar baya yana iya nuna wa jikansa daidai inda ya tsaya ya karɓi takardar shaidarsa. Mutumin da ke da irin wannan alaƙa da gini ba ya bari rufinsa ya yoye yana kallo.

Tambaya daga wata malamar sakandaren 'yan mata, Daura: Ni shirun ne ya ɗaure mini kai. A wurinmu kiɗa yana tafe da kirari da guɗa da liƙi. Wane irin kiɗa ne ba rawa, ba waƙa, ba mai tashi ya yi kari?

Amsa: Malama, wannan shi ne tsohon kiɗan Turai na rubuce, kuma kalmar rubuce ita ce mabuɗin al'amarin. Makaɗinmu yana karɓar kiɗa daga bakin uba ko maigida, yana kuma da ikon ya ƙara ko ya rage gwargwadon wanda ya shigo fili. Su kuwa mai tsara kiɗan yana zama ne da alƙalami ya rubuta wa kowane kayan kiɗa abin da zai yi daki-daki, da inda zai ɗaga da inda zai sassauta, har da inda zai yi shiru da tsawon shirun. Shi ya sa abin da Bach ya rubuta kafin rasuwarsa a 1750, ko Mozart da ya rasu a 1791, ko Beethoven da ya rasu a 1827, ake iya kaɗa shi yau yadda suka bar shi a takarda.

Babbar ƙungiyar makaɗan, wadda ake kira okestira, takan kai mutum 70 zuwa 100, kuma dangi huɗu ce. Akwai masu tsirkiya, dangin goge da kukuma, su ne suka fi yawa kuma su ke zama gaba. Akwai masu busa na itace, dangin sarewa da algaita. Akwai masu busa na tagulla, dangin kakaki. Sai masu ganguna a can baya, waɗanda wani lokaci mutum zai yi minti goma yana ƙirga a zuci kafin ya buga sau ɗaya. Mutumin da ke tsaye gabansu da ɗan siririn sanda ba ya kaɗa komai, aikinsa shi ne riƙe lokaci da daidaita muryoyi, kada kakaki ya danne goge. Doguwar tsararriyar kiɗan da suke kira simfoni galibi kashi huɗu ce, na farko mai sauri, na biyu mai sanyi, na uku mai takun rawa, na huɗu mai sauri kuma, duka ta ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda.

Dalilin shirun yana cikin kiɗan kansa, domin yakan sauka ƙasa ƙwarai har goge guda ya rage yana magana shi kaɗai a gaban dubban mutane ba tare da lasifika ba, kuma mutum ɗaya ya yi tari ma ya isa ya ɓata wa na kusa da shi. Amma kada ki ɗauka haka abin yake tun fil azal. A zamanin Mozart mutane sukan tafa ana tsakiyar kiɗa idan wani wuri ya yi musu daɗi, shi kansa kuma yana murna da hakan. Al'adar jira sai an kammala duka kashi huɗu daga baya ta kafu, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa na 20. A ganina ma an ɗan wuce gona da iri a wajen, domin baƙon da ya tafa a inda ba a tafawa yakan sha harara, kuma wannan hararar ta kori matasa da yawa daga zaurukan.

Ki kuma lura cewa asalin wannan kiɗa bai yi nisa da abin da kika sani a ƙofar fadar Daura ba. Mai tsara kiɗa Haydn ya yi kusan shekara talatin, tun daga 1761, yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima, yana sanye da kayan barorin gidan, yana tsara kiɗa duk lokacin da ubangidansa ya buƙata, kamar dai makaɗan fada da ke ƙarƙashin sarki ɗaya. Idan kin taɓa tsayawa lokacin da ake buga tambari ko ake busa kakaki ranar hawan salla ko Sallar Gani, kin san akwai kiɗan da ba a yi masa rawa, ana tsayawa ne a saurara cikin girmamawa, wanda ya san abin da gangar ke faɗa kuma ya fi kowa morewa. Bambancin shi ne nasu ya fita daga fada ya koma zauren da talaka zai biya kuɗi ya shiga, namu kuwa ya zauna inda yake. A nan gida Najeriya ma akwai masu wannan fanni: ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da zaurenta da makarantarta a Onikan, kuma marigayi Fela Sowande, wanda ya rasu a 1987, ya yi suna a Landan wajen kaɗa ogan da kuma shigar da karin waƙoƙin Yarabawa cikin wannan tsari.

Tambaya daga wani ɗalibin kimiyya a jami'a, Katsina: A 1894 babu lasifika. Ta yaya muryar mutum ɗaya ta isa ga mutum dubu goma?

Amsa: Ƙanena, ginin kansa shi ne lasifikar. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, idan ya bugi abu mai tauri ya dawo, idan ya faɗa kan abu mai laushi kamar labule ko katifa ya nutse. Rufin zauren Ocean Grove daga ciki katako ne mai lanƙwasa, an ɗora shi kan ƙarafan da suka haye faɗin ɗakin, don haka muryar da ta tashi daga dandamali takan bugi rufin ta gangaro kan na baya maimakon ta ɓace a sama. Ka shiga tsohon soro mai daurin guga ka yi sallama, sannan ka shiga ɗakin taro na zamani mai rufin kwano da bangon siminti ka sake yi, kunnenka zai ba ka rabin amsar.

Sauran rabin wani malamin kimiyya na Jami'ar Harvard mai suna Wallace Sabine ne ya gano shi, shekara guda bayan gina wannan zauren. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca da amsa-kuwwa ta hana a ji abin da malami ke faɗa. Sai ya riƙa bari dare ya tsala, shi da mataimakansa su kwaso matasan kujeru daga wani zaure na kusa su shimfiɗa, ya busa bututun ogan, ya auna da agogo tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya mutu, su mayar da matasan kafin gari ya waye. Daga nan ya fitar da lissafin da ya haɗa girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa, aka kuma yi amfani da shi wajen gina babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Zauren kiɗa mai kyau yana son sauti ya jima kusan daƙiƙa biyu, ɗakin lacca kuwa yana son ƙasa da haka nesa, in ba haka ba kalmomi su hau kan juna. Wannan ne ya sa a wasu manyan ɗakunan taronmu ake ƙure lasifika amma na baya ba ya gane ko kalma ɗaya: ƙarar ta isa, amsa-kuwwar ce ta yi yawa, kuma darduma da labule masu kauri za su fi ƙarin lasifika amfani.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, ma'ajin ƙungiyar ci gaban unguwa, Daura: Gini na katako a bakin ruwan gishiri ya haura shekara 130, mu kuwa namu na siminti ba ya shekara ashirin ya fara zuba. Wa ke biyan kuɗin gyaransa? Kuma za mu iya yin irin wannan a nan?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bakin teku ba ya raga wa gini, domin iskar gishiri tana cin ƙarfe, laima tana ruɓar da katako, guguwa kuma tana zuwa ba sallama. A watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta yaye wani sashe na rufin zauren Ocean Grove, ta kuma farfasa titin katakon da ke bin gaɓar tekun. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka da farko ta ƙi biyan kuɗin gyaran titin, bisa hujjar cewa mallakar ƙungiya ce mai zaman kanta, sai a 2014 ta sauya shawara. Kafin nan mutanen garin da masu zuwa hutu sun riga sun buɗe asusun gudummawa. Haka kuɗin irin waɗannan zauruka ke taruwa a ko'ina: kuɗin tikiti, kuɗin hayar zaure, gudummawar masu hali da ta marasa hali, da kuma aikin sa-kai na masu karɓar tikiti da nuna wa baƙi kujeru.

Misali na biyu daga Ingila yake. Aldeburgh ƙaramin garin masunta ne a gaɓar gabas, yana da ɗan zauren gari da aka gina a 1887. A 1948 mai tsara kiɗa Benjamin Britten da abokansa suka fara bikin kiɗa na shekara-shekara a cikinsa, kuma Britten ya riƙa tsara wasu ayyukan ta yadda yaran makarantar yankin za su kaɗa su rera tare da ƙwararru. Da zauren ya yi kaɗan, aka gyara wani tsohon ginin sarrafa sha'ir a ƙauyen Snape na kusa, aka buɗe shi a 1967. Gobara ta cinye shi a daren farko na bikin 1969, amma ba a soke bikin ba, aka kwashe shirye-shiryen zuwa wani cocin yankin, kuma kafin bikin 1970 an sake gina zauren.

Game da ko za mu iya, abin da muka rasa ba gini ba ne. Akwai tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi ne. Akwai Hasumiyar Gobarau. A Daura kuma ga rijiyar Kusugu da baƙi ke zuwa gani daga nesa. Ban da waɗannan akwai ɗakunan taro na makarantu da na hukumomi birjik. Abin da na gani da idona shi ne yadda ake kashe su da kwaɗo. Shekarun baya na raka wasu ɗalibai gasar kacici-kacici da aka shirya yi a ɗakin taron wata ma'aikata, muka tarar da ƙofa a kulle, aka ce mai mabuɗin ya tafi ƙauye biki. Da aka samo shi bayan la'asar aka buɗe, warin kashin jemage ya fara yi mana maraba, gara ta cinye ƙafafun teburin dandamali, ruwan damina biyu ya zana taswira a silin, kuma babu wanda ya sani domin rabon da a shiga tun wani taron ƙaddamarwa. An rufe ɗakin ne wai don kada ya lalace. Maginanmu na gargajiya sun fi mu sanin wannan, shi ya sa suke bin soro da yaɓe kafin kowace damina, suna duba indararo, domin tsagar da aka gani da wuri kwando guda na ƙasa ke toshe ta.

Shawarata ga ƙungiyarku ita ce kada ku fara da neman fili da tara kuɗin bulo. Ku nemi izinin zaure guda da ke tsaye a yanzu, ku tsara masa kalandar shekara ku manna a ƙofa, ta yadda ba za a yi mako biyu ba a buɗe shi ba: musabaƙar Alƙur'ani ta makarantun unguwa, muhawarar ɗalibai, taron manoma kafin faɗuwar damina, walimar sauka, yaye ɗalibai, karatun rubutattun waƙoƙi, da dare guda a wata da za a gayyato dattawan masu garaya ko gurmi ko algaita su kaɗa ba lasifika, su kuma bayyana wa yara abin da kowane take ke nufi. Wanda ya yi hayar zauren don biki ya biya, taron yara kuwa ya zama kyauta. Daga kowace haya a ware kaso sananne, ko da kashi ɗaya cikin biyar ne, a asusun da ba a taɓawa sai don rufi da ƙofofi da wayar lantarki, a kuma karanta lissafinsa a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. Mabuɗi kuwa a yi uku, a raba wa mutum uku da ba gida ɗaya suke kwana ba.